Tunkuzar Inna Binta

Ta goma sha ɗaya ta mutu da hantsi a gindin randa, irin mutuwar 'yan uwanta goma: wuya ya lanƙwashe baya, ƙafafu sun miƙe sun yi shuɗi-shuɗi, ido a buɗe. Rahina ta ɗaga 'yar agwagwar ta fiffike, ta ji babu nauyi, sai gashi da ƙashi. Kaji kuwa suna ta tono a gefen turmi, ko atishawa babu wadda ta yi. Abin da ya ɗaure wa kowa kai ke nan a ƙauyen Gidan Jibo. Ciwon kaji an san shi, idan ya shigo gari ba ya tambayar gidan wa ne, share akurki yake yi kakaf. Amma ciwon da zai tsallake kaza ya kama agwagwa, a tsakar gida ɗaya, a kwano ɗaya, ba wanda ya taɓa gani. Sai mutane suka ce ai ba ciwo ba ne, hannu ne.

Ba su taɓa gani ba ne don ba a taɓa kiwon agwagwa a garin ba. Hamani, mijin Rahina, shi ya shigo da su. Ya je ci-rani wajen Katsina, ya ga wani mutum yana samu da agwagi, ya dawo da mata huɗu da namiji ɗaya a kwando bayan moto, yana hura hanci kamar wanda ya kawo rijiyar burtsatse. Da damina suka ƙyanƙyashe 'ya'ya ashirin da bakwai. Wani mai gidan abinci a Tasawa ya ce idan sun girma a kawo masa kafin ƙarshen shekara, tun daga ranar Hamani ba ya zama a majalisa bai ambaci Tasawa sau uku ba. Yanzu ga su suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, majalisar da ta sha labari tana jiran ta ji ƙarshensa.

Hannun da ake nufi na Baba Jatau ne. Tsoho ne dogo, kakansa Ba'abzine ne da ya sauka a garin da raƙuma, raƙuman suka ƙare, Hausa ta cinye bakin jikoki. Ba shi da gonar kirki, garkarsa ta bakin tabki ita ce tuwonsa da miyarsa, shi da tsohuwar matarsa. Filin kuma ba nasa ba ne, marigayi mahaifin Hamani ne ya ba shi aro shekara talatin da suka wuce. Agwagi ba su san aro ba. Da gari ya waye sai su jera zuwa tabki, su bi ta ƙarƙashin darni su faɗa wa ganyen salatin Jatau. Sau biyu ya kawo ƙara cikin lalama. Na uku ya biyo su da sanda har ƙofar gida, a gaban mutane ya ce idan suka sake shiga, abin da ya same su su suka jawo. Baki shi ke yanka wuya. Kwana shida da wannan magana ta farko ta mutu.

Da aka kai ta goma Hamani ya kai ƙara wurin Maigari Gado. Maigari ya yanke cewa ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, Jatau zai yi alwala ya dafa Alƙur'ani ya ce ba ta hannunsa agwagin suka mutu ba. Idan ya rantse magana ta mutu. Idan ya ƙi, ya bar garkar, Hamani ya karɓi filin ubansa. Kowa ya ɗauka tsoho zai rantse a wuce wurin, sai aka ji ya ce ba zai rantse ba. Ya ce shi dai bai sa wa agwagwa guba ba, amma ya fesa maganin ƙwari a kan kabeji, kuma bai san abin da suka ci a bayan idonsa ba, ba zai dafa Littafi a kan abin da bai sani ba. Gari ya ce ga shi nan, ya amsa laifi da bakinsa.

Rahina ba ta yarda ba, ko da yake ba wanda ya tambaye ta. Kajinta ma suna shiga garkar, har sun fi agwagin ɓarna, kuma ga su nan garau. Ta naɗe gawar 'yar agwagwar a tsumma, ta sa a leda, ta tura ƙasan kwandonta. Ranar kasuwar Urafane ce, ta gaya wa mijinta dusa ta ƙare za ta je saye.

Amalanke ɗaya suka hau da surukarta, Inna Binta, wadda ke da butalai goma sha biyu na man gyaɗa a cikin daro, an cusa tsummoki a tsakaninsu don kada su gwaru. A kasuwar Urafane idan aka ce man Binta an gama magana. Mata sukan wuce masu mai biyar su tsaya a gabanta, ba sa ko shinshinawa. Ga Rahina kuwa ta wuce suruka. Rahina 'yar garin Kona ce, an kawo ta gidan ba ta da uwa a raye, da ta haifi Asiya tsohuwar nan ce ta yi mata wankan jego kwana arba'in, ita ke ɗauko itace da kanta. Da agwagi suka ƙyanƙyashe kuma, ita ce kullum take aiko da kwanon tunkuza, wato abin da ya rage bayan an matse mai, ta ce a shanya a daka a cuɗa musu da dusa su yi ƙiba. Rahina na son matar nan har cikin ranta, kuma tana jin kunyarta yadda ko ruwa ba ta iya sha a gabanta.

Ta bar Inna a layin masu mai ta zaga bayan kasuwa, wajen 'yan kaji, inda Nafisa mai rigakafin kaji take zama da akwatin sanyinta. Nafisa ta yi lakkwal, wato boko, ta yi horo a Maradi, ba ta da tsoron ƙazanta kuma ba ta iya kwana-kwana a magana ba. Ta kwance tsumman, ta duba ƙafafu, ta sa reza ta farke ciki. Hantar da ta fito ba ja ba ce, ta koɗe ta yi rawaya-rawaya, tana farfashewa a tsakanin yatsu. Ta tambayi kwana nawa suke yi kafin su mutu, Rahina ta ce wata uku, wata biyar, sukan fara da ƙin ci ne sai su kwanta. Ta tambayi kaji, aka ce lafiya lau. Sai ta ce maganin ƙwari ba ya haka, shi nan take yake kayarwa, kuma ba ya zaɓe tsakanin kaza da agwagwa.

“Mi kike ba su?”

“Dusar hatsi. Da tunkuza.”

“Wala, ga shi nan,” in ji Nafisa, ta goge rezar. “Ba ni da labo na gwaji a nan, amma sau biyu na ga hanta irin wannan, duka biyun gyaɗa ce wadda ta yi humhuna. Kaza na ci ta kwashe lahiya, ko ta ɗan rage ƙwai ba ki lura ba. Ɗiyan agwagwa ba su ɗauka. Tunkuzar wa ce?”

“Ta kasuwa ce,” in ji Rahina, ta kawar da kai.

A wannan lokacin ta riga ta gani ƙarara, kamar an ɗauke mata tabarma daga ƙofa. Ruwan ƙarshe na bana ya zo ne bayan kowa ya ɗauka damina ta tafi, ya sami gyaɗar Inna a tuge a gona, kwana biyu tana jiƙe. Da aka ɓare, ita da Inna suka zauna suka tsince. Mai kyau a daro, ta mutane da kasuwa. Baƙa da motsattsiya da wadda ta yi kore a ciki kuma a kwarya dabam, Inna ta ce wannan ta kaji ce, za ta matse ta ita kaɗai, man a shafa wa ƙafar amalanke, tunkuzar a ba tsuntsaye. Ba mugunta a ciki. Haka uwar Inna ta yi, haka kakarta ta yi, abin da mutum ba zai ci ba kaza ta ci, kuma kaza ba ta taɓa kawo ƙara ba. Da hannun Rahina aka cika kwaryar nan.

Nafisa ta ci gaba da bayani, Rahina tana ji da rabin kunne. Ta ce ta daina tunkuzar nan yau yau, ga kaji ma, kuma kada mutum ya kusance ta. Ta ce kada ta ruɗu da abincin buhu na kaji masu ƙwai da 'yan tebur suke tallatawa, don an yi shi ne saboda kaza mai saka ƙwai, ba don 'yar agwagwa mai girma ba. Idan abinci ɗaya take so wanda kowa zai ci, ta sami dusar gero mai ƙamshi, ta shinshina kafin ta auna, ta haɗa da ɗan garin busasshen kifi da ganyen zogale, ta yayyafa ruwa daidai wanda za su cinye a take, kada ya kwana. Ruwan sha kuma ya zama a gefen kwano, mai zurfin da agwagwa za ta tsoma baki har hanci. Waɗanda ciwon bai ci ƙarfinsu ba za su iya tashi. Rahina ta tambaye ta ko tana da hanyar Gidan Jibo a satin nan, ta ce a'a, gobe za ta Mayahi taro sai wani mako. Rahina ta ji sanyi da jin haka, don ba mai zuwa ya tona zancen, sannan ta ji kunyar sanyin da ta ji.

Ta sayi dusa, ta sayi kifi, ta ƙulle shi a leda biyu. Amma ƙarnin kifi ba ya jin leda. Amalanke bai fita gari ba Inna Binta ta ɗaga hanci ta ce tana jin kifi, ko Rahina miya za ta canza. Rahina ta sunkuyar da kai ta ce na agwagi ne, malamar kaji ce ta ce a canza musu ci.

“Tunkuza hwa?”

“Ta ce a dakata da ita, Inna.”

Tsohuwa ba ta ce don me ba. Ta gyara zaman daronta, ta dubi gonaki, har suka isa gida ba ta ƙara magana ba, ita da ta saba ba da labarin kasuwa tun daga wanda ya yi ciniki har wanda akuyarsa ta kwance. Washegari da safe Rahina ta leƙa ƙofar ɗakinta inda kwanon tunkuza yake kwana yana jiranta. Babu kwano. Jibi ma babu. Ba ta bukaci a gaya mata ba, Inna ta gane.

Daga nan gidan ya zama wurin da ake tafiya a hankali. Su gaisa da safe, Rahina a durƙushe, Inna tana amsawa tana kallon tsintsiya. Kowace ta san abin da ɗayar ta sani, kowace tana jiran ɗayar. Rahina ta san abin da ke riƙe bakin tsohuwa. Idan aka ce tunkuzar Binta ta kashe agwagi, ba wanda zai tsaya jin labarin daro da kwarya. Kafin maganar ta isa Urafane ta zama man Binta na kisa, kuma sunan da aka yi shekara arba'in ana ginawa ba ya bukatar fiye da kasuwa ɗaya ya rushe. A can bakin tabki kuwa, in ta je ɗebo ruwan wanki, sai ta hango Baba Jatau yana ban ruwa kamar kullum, yana bin kowane kwami da gwangwaninsa, alhali ya san wataƙila wani ne zai tsinki tumatirin. Matarsa ta daina zuwa rijiya lokacin da mata suke taruwa.

Ran Alhamis da hantsi ta sami Hamani yana gyaran sarkar moto. Ta zauna nesa kaɗan ta fara daga nesa, ta ce tun da aka canza abinci ɗaya ce kawai ta mutu, sauran sun fara ci. Ya ce ai dole, tun da ya hana su zuwa tabki. Ta ce malamar kaji ta farke ɗaya ta duba, ta ce ba guba ba ce, daga abinci ne. Ya ajiye sifana ya juyo.

“Wane abinci? Dusa ke kike saye. Tunkuza daga ɗakin tsohuwa take hitowa. Wanne kike nuhi?”

Ta kama gefen zanenta tana murzawa.

“Ina jin ki. Uwata kike nuhi?”

“Ban ce ba, Baban Asiya.”

“To kada ki ce. Mutum ya tsaya gaban jama'a ya yi mini alkawarin ɓarna, ya cika, an ba shi Littahi ya ƙi dahwawa, sannan ki zo mini da zancen wata mai reza.”

Ya koma kan sarkarsa. Ba mugun mutum ba ne Hamani, amma ya riga ya hau dokin da ba shi da linzami, kuma duk gari na kallo. Ya fi masa sauƙi a ce maƙiyi ya cuce shi da a ce ya kawo tsuntsun da bai san cinsa ba.

Ranar Juma'a ta zo da zafi. Rahina ta dama wa tsuntsaye dusa. Ta ji an kira salla, ta ji liman na huɗuba a lasifika, ba ta fahimci kalma ɗaya ba. Ta dubi ɗakin Inna. Tabarmar ƙofa a sake, takalma a waje, ba motsi. Ta jira har aka sallame, tana cewa a ranta yanzu za ta fito, yanzu za ta fito. Tabarma ba ta motsa ba. Sai ta ɗauki hijabinta.

Ƙofar gidan Maigari ta cika, har da waɗanda ba su zuwa ko jana'iza. An shimfiɗa tabarmi a inuwar dalbejiya. Liman na zaune da Alƙur'ani a cikin gafaka a kan cinyarsa, an ajiye buta a gaban Baba Jatau, bai taɓa ta ba. Maigari Gado yana lallashinsa, yana cewa shekara talatin ba wasa ba ce, in ya san bai yi ba ya yi alwala kawai a tashi. Tsoho ya ce ya gode, amma garka ta duniya ce. Ya sa gefen rawani ya rufe bakinsa. Hamani na gefe yana kallon ƙasa, don shi ma bai zaci abin zai yi nauyi haka ba.

Rahina ta durƙusa a bakin tabarmi, inda takalma suke, ta yi sallama. Kawuna suka juyo. Hamani ya yi mata wani mugun kallo. Maigari ya ce lafiya, ɗiyar Kona?

“Ranka ya daɗe, Baba Jatau ba shi da laihi. Ni ce.”

Ta faɗa da ƙaramar murya, sai da Maigari ya sa ta maimaita. Ta ce ta kai gawar agwagwa wurin Nafisa a Urafane, an farke an duba, an ce ba guba ba ce, tunkuza ce mai fumfuna, wadda kaza ke ci ta tsira agwagwa ta mutu. Ta ce lafiya lau ake ba ta tunkuzar, ita ce take tarawa a tukunya a bayan randa inda ke da laima, ba ta shanyawa, har ta yi kore, kuma ta ci gaba da ba su don ƙyashin zubarwa. Ta ce tun ranar kasuwa ta sani, tsoro ya hana ta faɗi.

Guna-guni ya tashi. Wani daga baya ya ce to ita ma a ba ta Littafin mana, ta yiwu tausayin tsoho ne ya sa ta ƙaga. Rahina ba ta yi tunanin wannan ba ko kaɗan. Ta dubi gafakar da ke kan cinyar Liman, ta san idan aka miƙo mata ba za ta dafa ba, kuma idan ba ta dafa ba dole ta faɗi sunan da ta zo ɓoyewa. Liman ya daɗe yana dubanta. Sannan ya ce wanda ya kawo kansa ya amsa laifi ba a rantsar da shi, ya ja igiyar gafaka ya ɗaure.

Maigari ya ce magana ta ƙare, Jatau ya koma garkarsa, Hamani kuma ya ba shi haƙuri a gaban jama'a kamar yadda ya zarge shi a gaban jama'a. Hamani ya tashi ya je ya durƙusa ya faɗi abin da aka ce ya faɗa, fuskarsa kamar an shafa mata toka. A bayansa wani ya ce ana zaton wuta a maƙera, aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Wani ya tambaya ko har yanzu za a kai Tasawa. Baba Jatau bai yi dariya ba, ya dubi Rahina kawai ya ce Allah ya rufa mata asiri.

Ta riga mijinta isa gida, amma ba da nisa ba. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi. Ya tsaya a tsakar gida ya ce ta kashe masa dukiya da ƙazanta, ta bar shi ya ɗauki alhakin tsoho, ta ƙyale shi ya tara gari sannan ta zo ta tuɓe shi a gabansu. Ya ce ta haɗa kayanta, yanzu zai kai ta Kona, ta zauna can sai ya neme ta. Rahina ta shiga ɗaki ta fara ninke zannuwa, hawaye na ɗiga a kansu. Ba ta yi nadama ba, amma ta ji ciwo, kuma ba maganar Hamani ce ta fi yi mata ciwo ba. Ɗakin Inna taku goma ne daga inda ya tsaya, ba abin da tsohuwar ba ta ji ba, amma ba ta fito ba.

Ta fito da ƙullin kaya. Hamani ya karɓa ya ɗora a bayan moto yana ja da roba. Maƙwabta mata sun fara leƙe ta saman darni. Rahina ta je ƙofar surukarta ta durƙusa, ta ce Inna, za ni gida, a yafe mini. Ba amsa. Ta miƙe ta juya.

“Hamani.”

Robar ta kuɓuce daga hannunsa. Shi ɗan fari ne, tun da aka raɗa masa suna bai taɓa jinsa a bakin uwarsa ba, sai dai wancan, ko mai moto, ko ta aika a gaya masa. Matan da ke kan darni ma sai da suka dubi juna. Inna Binta na tsaye a ƙofar ɗaki da mayafinta na zuwa unguwa, a hannunta ga kwaryar ragowar tunkuzar an rufe da faifai.

“Sauke kayan nan. Ba ta da tukunya bayan randa, ƙarya ta yi. Gyaɗata ce ruwa ya taɓa, ni na ware ruɓaɓɓar, ni na matse, ni na aika a ba su. Tun ranar kasuwa na sani. Ina zaune cikin ɗaki ɗiyar mutane ta tahi ta yi ƙarya gaban Liman don ta ruhe ni.”

Hamani ya rage murya, ya ce to an ji, a bar shi a cikin gida, Jatau ya riga ya samu garkarsa, ba sai kowa ya sani ba. Rahina ma ta matso ta ce Inna, don Allah, kasuwa fa. Ita ce magana mafi tsawo da ta taɓa yi mata ido cikin ido.

“Na san kasuwa, na riga ki saninta,” in ji tsohuwa. Ta miƙa mata kwaryar. “Riƙe mini. Mutane ba su watse ba tukuna?”

“Ba su watse ba, Inna.”

“To mu tahi tun suna nan.”

Ta sa takalmanta ta bi ta gaban ɗanta ta fita. Rahina ta ɗora kwaryar a ka ta bi bayanta. Daga bakin lungu ana hango inuwar dalbejiya, ba a ko naɗe tabarmi ba, kuma a cikin matan da suka taru a gefe suna mayar da zance akwai uku da suke sayar da mai a layi ɗaya da Inna. Tsohuwa ta gan su sarai. Ta ɗan tsaya ta gyara mayafi, sannan ta ci gaba da tafiya.